Rabin Tuwon Yaya Tani

Shekarar da Nasara sunka kafa turakun waya ta wajen Maiyama, shekarar ce Hausa ta hita bakin Yaya Tani. Wata Talata muna cirar albasa a fadama, ta sunkuya za ta ɗauki kwando, sai ta kife. Munka kawo ta gida, hannun dama ya mutu, baki ya ɗan karkace. Kwana biyu ba ta ce uffan ba. Ran na uku ta buɗe baki, magana na zuwa tiryan-tiryan, amma babu kalma guda da wani mutumin Aliero ya taɓa ji.

Bari in gaya muku ko wace ce Tani. Ubana fatoma ne a Jega, mai saukar da fatake. Shi ya saye ta hannun wasu masu dawowa daga hanyar Gwanja, tana 'yar shekara tara, ni ko ina jinjira. Bisa bayanta na yi wayo. Ta koyi Hausa, ta koyi salla, ba wanda ya ƙara jin ta yi wani yare. Da anka kawo ni aure Aliero, da ita anka haɗo ni. Na haihi Jibrin, nonona ya ƙafe, ita kuma nata ɗan bai cika wata biyu ba ya koma. Ta ɗauki nawa ta sa a ƙirji, shekara biyu cur. Ni ba ni mance irin wanga abu. Wadda ta ara mini turmi shekara talatin da sunka wuce ina sane da ita, balle wadda ta raya mini ɗa.

Da Nasara sunka zo anka hana saye da sayar da mutum, bayi da yawa sunka kama hanyar garinsu. Na tambaye ta ko tana son tahiya. Ta ce, "In tahi ina, Murja? Ke kin san hanyar?" Ta ci gaba da tsince geronta.

To, ga ta nan kwance, ga magana, ba mai ji. Wanga bai dame ni ba kamar abincin. In an kai mata tuwo sai ta sa hannun hagu ta raba shi biyu daidai wa daida, ta naɗe rabi a gefen zanenta. Sauran rabin ba ta ci. Sai ta riƙe hannun wanda ya kawo, ta faɗi wata magana mai tsawo, ta dubi ƙofa, ta dubi mutum, tana jira. In ba a ce komi ba ta ture akushi. Kullum maganar guda ce, ba ta sakewa. Ruwa kaɗai ke wucewa, sai hura kurɓi biyu in na matsa mata. Cikin kwana shida wuyanta ya zama kamar na kaza.

Jibrin ya kawo malam, anka yi tofi, anka ba ta rubutu. Wanga ba laihi, ko lafiya lau mutum yake shina bukatarsa. Sai ga Tasalla, maƙwabciyarmu mai bori, ta tsaya bakin ƙofa ta saurara, ta girgiza kai.

Ta ce, "Inna Murja, wagga ba Tani ce ke magana ba. Iskar arna ce ta hau ta. A nemo baƙar akuya."

Na ce, "Baƙar akuyata tana da ciki, tana da aikin yi."

"Kina wasa da abin da ba ki sani ba."

"Tasalla, shekara nawa kina rawa a gabana? Iska in ta hau mutum sai ihu da buge-buge, ta nemi turare, ta nemi jini. Ke kin taɓa ganin iskar da ke raba tuwo biyu ta tsaya jiran amsa?"

Ta ce ita dai ta faɗi nata. Ta tahi tana ƙunƙuni, matan unguwa kuma sunka hana ɗiyansu shigowa gidanmu.

Ni na san abin da ke nan. Bakin da ta zo da shi tana yarinya ne ya komo, na bisa ya zube. Kuma tambaya take yi. In ban samo mai jin ta ba, da tambayarta za ta tahi, da yunwa kuma, a cikin ɗakina.

Akwai abin da ubana ke yi in anka kawo mashi baƙon da ba a san bakinsa ba. Sai ya aje mashi abu huɗu a gaba: ruwa, gishiri, garwashin wuta, da tsabar gero. Ya nuna da yatsa, baƙo ya kira sunan kowane. Sa'an nan ya aiki bara ya bi zango-zango shina faɗin sunayen har a samu wanda ya ɗaga kai. Na yi haka nan. Na aje ƙoƙon ruwa na nuna, Tani ta dube ni kamar na haukace, ta ce, "Nyalma." Na kawo garwashi cikin kasko, ta ce, "Bolu." Haka gishiri, haka gero. Ni ba allo ba takarda, sai na yi ƙulli huɗu a haɓar zanena, kowane ƙulli da kalmarsa, na yini ina tauna su kamar goro har sunka zamna.

Na ce wa Jibrin ya ɗaura wa jaki akumari, za ni Jega.

Ya ce, "Inna, da tsufanki za ki bi kasuwa kina kukan tsuntsu? Mutane su ce mi?"

"Su ce uwar Jibrin ce. Kai da ka sha nononta, kana da wata dabara?"

Ya tahi ya ɗaura akumarin. Na bar wa matarsa Dije umurni ta riƙa ɗiga mata hura ko da faɗa, munka tahi da shi.

Masaukin ubana yanzu shina hannun Almu, ɗan ƙanena. Almu ba shi da bakin musa mini, don ni na ɓoye shi cikin rumbu kwana uku lokacin da ake kamun 'yan dako. Da na gaya mashi abin da ke tahe da ni, ya sa takalmi ya ce, "Goggo, mu fara daga ina?"

Na ce daga bakin gulbi.

Wanda bai ga Jega ta lokacin ba bai san yawan bakin da Allah ya yi ba. Ruwan nan guda da kowa ke sha, Bazabarme ya ce hari, Bahillace ya ce ndiyam, Buzu mai kanwa ya ce aman, Bayarabiya mai tuhwahi ta ce omi, Banuhe mai kwalekwale ya ce nuwa. Waɗanga duk na san su tun ina yarinya, amma na bi su dai, don mutum kan san bakin maƙwabcinsa. Ina taɓa ƙulli ina faɗi, suna girgiza kai. Dakarkari sunka kira wani tsohonsu, ya sa na maimaita har sau uku, ya ce ba nasu ba ne. Kambari haka. Wani Bagunge mai kihi ya ce mini, "Uwa, ki rage wa kanki wahala. Mu da ke tsibiri guda da na gaba da mu, in mun haɗu sai mun saurara da kyau. Ke kina neman bakin da ya yi tahiyar wata biyu?"

A rumfar masu turkuɗi wani Bakano ya tsare ni, da rawaninsa kamar kwandon kaji. Ya ji ina magana da Almu, ya fashe da dariya.

Ya ce, "Gwaggo, ke da kike neman mai fassara, ai ke ma sai an samo miki. Yat tahi, yaz zaka, mi nac ce! Wannan Hausa ce ko tari?"

Na ce, "Ɗan nan, ku da kunka taune rabin magana kunka haɗiye don kada ta ƙare muku, kai ne za ka gyara mini baki? Ka ji abin da na ce ko ba ka ji ba?"

"Na ji mana."

"To, ka fi wadda na baro gida sa'a. Matsa in wuce."

Ya matsa, har ya biyo mu da goro guda. Shi ne ma ya ce mu gwada zangon 'yan goro, an sauke ayari jiya.

Madugun ayarin wani tsoho ne, Usmanu, ido guda ya tsiyaye, ya yi Gwanja sau goma sha ɗaya. Ya zamna bisa buhu ya ce in faɗi. Na faɗi na ruwa, shiru. Na gishiri, shiru. Da na ce bolu, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Ƙara faɗi." Na ƙara. "Na taɓa jin mai kama da wanga. In ka wuce ƙasar Gurma akwai wasu duwatsu, kowane dutse da mutanensa, kowane da bakinsa. Yini guda za ka yi gaisuwa iri uku, wadda ka koya da sahe ba ta yi maka aiki da marece. Mu ba mu tsayawa can, wuta kaɗai muke roƙo mu wuce, shi ya sa na riƙe kalmar. Cikin mutanena babu ɗan can. Amma ki tahi Maiyama. Nasara sun kwaso lebura daga ko'ina don aikin waya, na ga masu tsagar duwatsun can cikinsu."

Jibrin ya ce mu koma gida, yau kwana biyu. Na ce ya koma in shina so, ya bar mini jakin. Ya biyo ni shina huci. Munka ƙetare gulbi, munka kwana Maiyama gidan wata 'yar ɗakina, da hantsi munka isa inda lebura ke aiki, can hanyar Gumbin Kure.

Na jira sai da sunka zamna cin abinci. Sun kai mutum sittin, kowane gungu da tukunyarsa, don ba su jin juna sai da Hausar bariki. Na tsaya tsakiyarsu, tsohuwa da sanda, na ɗaga murya na ce, "Nyalma! Bolu!" Sunka kwashe da dariya, wani ya ce a ba ta abinci yunwa ce. Na ƙara faɗi. Sai wani mai dahuwa ya aje ludayi.

Ya ce, "Ai haka Yaro ke ihu in wuta ta ƙone shi."

"Ina Yaron?"

"Ba shi nan. Turke ya faɗo mashi bisa ƙafa, yau kwana takwas. An kai shi wajen masu ɗori."

"Wane gari?"

"Ina ake kai karaya in ba Aliero ba? Gidan Buba."

Gidan Buba mai ɗori, tsakaninsa da gidana gida shida ne. Ina jin Jibrin ya ja numfashi zai yi magana, na ce mashi in ya buɗe baki zan bar shi nan ya haƙa rami tare da su.

Mun isa gida washegari da azahar. Tani ta ƙara zubewa, ido ya faɗa, Dije na kuka ta ce tun jiya ko hurar ba ta karɓa. Gefen zanenta ya yi tsini da busasshen tuwo. Ban ko sha ruwa ba na wuce gidan Buba.

Yaron da ake faɗi ba yaro ba ne, gemunsa ya fara hurhura. Sunan da 'yan aiki sunka laƙa mashi ke nan. Shina kwance a zaure, an ɗaure ƙafar da karare, kumatunsa da tsaga uku-uku. Na durƙusa na ce, "Nyalma."

Ya zabura har ya yi ƙara don zafin ƙafa. Ya ce, "Nyalam?" Ya nuna randa.

Na ce, "Nyalma."

Ya ce da Hausarsa ta bariki, wadda ba ta raba mace da namiji, "Uwa, wa ya ba ka wannan? Ba namu ba. Na mutanen bayan dutse. Mu nyalam, su nyalma. Su ya ja magana dogo."

"Kana jin su?"

"In ya yi sannu-sannu. Rabi, ko ya fi rabi kaɗan."

Na ce rabi ya ishe ni. Buba ya ce sam, ba a ɗaga wanda anka yi wa ɗori kafin kwana ashirin, in ƙashi ya goce sunansa ne zai ɓaci. Na tuna mashi shekarar da irin albasarsa ya ruɓe, da wadda ta cika mashi ƙwarya ba ta ce komi ba. Sai ya ce to, sai dai a ɗauke shi da gadon duka, kuma shi zai riƙe ƙafar da kansa. Haka anka yi. Ƙarti huɗu sunka ɗauko gadon kara, Buba na biye shina zaginsu, unguwa duk ta hito kallo, har Tasalla.

Ƙofar ɗakin Tani ba ta cin gado, sai munka hito da ita bisa tabarma ƙarƙashin darbejiya, anka aje su kusa da juna. Yaro ya gyara murya ya yi gaisuwa.

Tani ta buɗe ido. Ta daɗe tana dubansa. Ta faɗi wani abu gajere, sai ga dariya, dariya sosai, ta gefen bakin da ke motsi. Yaro ya sosa kai.

Na ce, "Mi ta ce?"

"Ya ce mu mutanen gaban dutse muna magana kamar da doya mai zafi a baki. Ya ce ka duba, kada na sace zabi a gidan nan." Ya yi murmushi. "Mu da su wasa ne, Uwa. Kamar ku da Barebari... ko wa ne naku."

Ya rama mata, ban san da mi ba, ta buge shi da hannun hagu. Dije ta kawo tuwo don mu gani. Tani ta raba shi biyu, ta naɗe rabi, ta riƙe hannun Yaro, ta yi tambayarta.

Bai gane ba da farko. Ya sa ta maimaita, ya tsayar da ita a wata kalma, ya faɗi tasu, ta ce a'a, ta kwatanta da hannu kamar mai goyo. Sunka yi ta ja, shi ya kawo kalma ta ƙi, ita ta kawo ya ƙi, har sunka haɗu a tsakiya. Sau huɗu ta faɗi. Sa'an nan ya juyo, fuskarsa ta sake.

Ga abin da ya gaya muna, na gyara mashi Hausar. Ran da masu dawaki sunka faɗa wa garinsu, tana bakin gona da ƙanenta goye, yaro bai fara tahiya ba. Uwarsu ta ba ta curin tuwo ta ce su raba. Ta ji kofato. Ta kwance yaron ta tura shi cikin kogon kuka, ta ruhe da ganye, ta ruga wani gefe don a bi ta. Anka bi ta. Tuwon na hannunta, ba ta ba shi nasa ba. Abin da take tambaya shi ne: an tahi an ɗauko shi? Bai ci komi ba.

 Shekara sittin matar nan na cikin gidanmu, ta goya ni, ta goya ɗana, ta goya jikokina, ban taɓa tambayarta wa ta fara goyo ba.

Jibrin ya share ido da hannun riga ya ce, "Ka ce mata an ɗauko shi. Ka ce ya girma, shina da mata da ɗiya."

Yaro ya ce, "A'a."

"Don mi? Mi zai rage ka?"

"Mu ba mu yi wa mai shirin tahiya ƙarya. Zai isa can ya ga gaskiya, ya riƙe sunana."

Jibrin ya fara ɗaga murya, na ce ya zamna. Ni ba tsoron Yaro nake ji ba, nawa dalilin daban ne. Matar da ta ba ɗana nono na gaskiya, ba zan sallame ta da zancen da munka ƙaga a tsakar gida ba. Kuma Tani ba wawuya ba ce, ciwo bai taɓa wayonta ba. Ta san wanga mutum bai kai shekarun abin ba.

Na ce, "Yaro, bar abin da ba ka sani ba. Gaya mini wanda ka sani. In masu dawaki sun wuce, mi mutanenku ke yi?"

Ya ce duk ɗiya mace a ƙasarsu, gaban dutse da bayansa, tun tana ƙarama ake koya mata haka: in kin ji dawaki, sa goyonki a kogon itace ki gudu wani waje. Ba dabarar Tani ba ce ita kaɗai, abin da anka hore ta da shi ne. To, in gari ya waye, matan da sunka tsira bisa dutse sai su sauko, su jeru, su bi gonaki suna kaɗa ƙwarya, don yaro in ya ji ƙwarya ya san abinci ne ya yi kuka. Ba su komawa sai sun leƙa kowane kogo. Yaron da anka tsinta, duk mai nono ta ba shi, ba a tambayar na wa ne. Sai a ɗan tsaga mashi kunnen hagu, don kowa ya san ɗan gari ne duka, kowane gida ya shiga a zuba mashi.

Ya juya kai ya ɗaga hularsa. Kunnen hagu da 'yar tsaga a sama, ta daɗe da warkewa.

Ya ce, "Ni ma a kogo."

Na ce, "To, wanga za ka gaya mata. Kada ka ƙara, kada ka rage. Ka ce ba ka san ƙanenta ba."

An daɗe. Bakinsu ba guda ba ne, ga nata a karkace. Kalmar ƙwarya ma ta gagare su, sai da Dije ta ɗauko ƙwarya Yaro ya kaɗa ta da yatsu. Da Tani ta ji kiɗan, ta ɗaga kai daga tabarma, abin da ba ta yi ba tun da ta faɗi. Ta miƙa hannu, ya sunkuyo, ta laluba kunnen, ta riƙe tsagar tsakanin yatsu biyu tana murzawa. Ta yi wata tambaya.

"Ya ce gonarsu nesa, bakin rafi. Ko mata suna kai can."

"Mi za ka ce?"

"Ban san garinsa ba. Amma mata ba su hawa dutse sai kuka ya ƙare. Haka na sani."

"Faɗa mata hakan."

Ya faɗa. Ta koma ta kwanta tana duban ganyen darbejiya, har na ɗauka ta yi barci. Can sai ta jawo gefen zanenta, ta yi ta fama da ƙullin da hannu guda. Na so in taimaka, ta ture ni. Ta kwance, ta zaɓi rabin tuwon yau, ta miƙa wa Yaro. Ya karɓa da hannu biyu ya cinye, ba miya. Tana kallonsa har ya haɗiye. Sa'an nan ta jawo akushi ta ci nata rabin, loma biyar, na ƙidaya. Ta nemi nyalma, na ba ta.

Tasalla na tsaye bakin danga. Na ce mata, "Akuyar ta haihu ki zo ki ga 'ya'yan." Ta juya ta tahi.

Tani ta ƙara kwana ashirin da uku. Tana ci, ba da yawa ba, kuma ba ta ƙara raba tuwo ba. Kullum bayan la'asar ana ɗauko Yaro da gadonsa, Buba na biye shina mita, su yi ta gardama ita da shi bisa yadda ake kiran abu kaza, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ya lalata maganar. Hausa ba ta komo mata ba, sai salla, ita kam ba ta ɓace ba, da Larabcinta take yi a kwance. A wajen Yaro na ji sunanta na gida. Na kira ta da shi sau ɗaya, ta yi dariya har da tari, ta sa ya gaya mini in bari, bakina bai iya ba, in ci gaba da Yaya. Ta cika ran wata Alhamis da hantsi, bayan ruwan fari, anka yi mata sutura kamar kowa.

Ƙafar Yaro ta warke, amma ta gajarce, ba shi iya ɗaukar turke. Buba ya ce laihina ne, ni na ce na turke ne, har yau ba mu gama ba. 'Yan waya sunka wuce gaba ba su neme shi ba. Na ba shi ɗakin zaure da kadada guda a fadama, na koya mashi dashen albasa. Jibrin ya tambaye ni har yaushe, na ce har ran da kunnensa ya toshe tsagar nan. Shi ne tsohon da kuke gani bakin ƙofa shina saƙar igiya, wanda kuke yi wa dariya in ya ce wa mace "kai". Kowace ƙofa ta gidan nan in ya shiga a zuba mashi, na faɗa, kuma ina sane da wadda ta taɓa yi mashi rowa.

Zanen mai ƙulli huɗu shina cikin adudu, ban kwance ba. Na ruwa ina da shi, na wuta ina da shi, na gero ma. Na gishiri ya ɓace mini bara. Na tambayi Yaro, ya faɗi nasu, amma ba shi ba ne. Na Tani ya fi tsawo.